Ina amfanin binciken da bai iso rumfar kasuwa ba?

Duk wanda ke cin kasuwar Ɗan Isa ko Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Magarya da Maigatari, ya san rumfunan masu kayan yaji. A nan ake auna masoro da kanumfari da citta da kimba, a gefe kuma ga damman karan dafi, wanda mata ke saye su jiƙa da niyyar ƙarin jini, dukawa kuma su rina fata da shi. Uku daga cikin waɗannan kaya, wato masoro da kanumfari da karan dafi, sun taɓa shiga ɗakin bincike a Abuja, suka fito a matsayin maganin amosanin jini wanda sunansa ya kai har Amurka da Turai. Bayan ƴan shekaru kuma maganin ya ɓace daga kantuna, iyayen yara marasa lafiya suka yi ta nema ba su samu ba.

Mun ɗauko wannan labari ne domin akwai darasi a cikinsa ga ƴan kasuwa. Jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashenmu suna yawan alfahari da malamansu masu nazarin abinci da itatuwan magani. Za ka ji ana cewa wane ya rubuta takardu ɗari biyu, wane kuma an ambaci aikinsa sau dubu kaza. Ba mu raina wannan ba ko kaɗan. To amma a ganinmu, mai binciken abinci da magani bai gama aiki ba sai ranar da abin da ya gano ya shiga buhu ko kwalba, ya hau mota, ya sauka a rumfa, talaka ya saya da kuɗin da yake iya biya, gobe kuma ya dawo ya sake samu. Wannan zango na ƙarshe kuwa ta hannun ɗan kasuwa yake bi, shi ya sa maganar ta shafe mu.

Yadda malamai ke auna junansu

Idan mai bincike ya gama aikinsa, yakan rubuta sakamakon ya aika wa wata mujallar masana. Kafin a buga, sai an ba wasu masana biyu ko uku sun tace shi, sun nemi kuskure a ciki. Bayan an buga, duk wanda ya dogara da wannan aiki wajen yin nasa binciken, dole ya ambaci sunan mai shi. Wannan ambato shi ake ƙirgawa. A shekarar 2005 wani masanin kimiyya a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya kawo wani ma'auni da jami'o'i suka runguma. Idan aka ce lambar malami 20 ce, ana nufin yana da takardu 20 waɗanda kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 20. Da irin wannan lissafi ake duba mutum wajen ƙarin girma da ba da kuɗin bincike.

Ɗan kasuwa ba zai sha wuyar gane wannan ba. Idan dillalai da fatake daga garuruwa daban-daban suna ambaton sunanka a matsayin wanda ake karɓar kaya a hannunsa ba sai an kwance bakin buhu ba, to amanarka ta yi nisa. Ambaton malamai ma shaida ce irin wannan, kuma tana da amfani, domin tana ware mai aikin ƙwarai daga mai cika baki. Sai dai shaida ce ta tsakaninsu. Ana iya ambaton takarda sau ɗari biyar a Landan da Faris alhali ba ta hana ƙwari cin tiya ɗaya ta wake a Tasawa ba.

Saboda haka mu a nan muna ƙara tambayoyi uku a kan lissafin jami'a. Shin an gwada abin da gaske, ko kuwa ji aka yi ana faɗa? Shin wanda ya kawo ilimin tun farko ya samu haƙƙinsa? Shin abin ya iso kasuwa, kuma ya zauna? Bari mu ɗora aikin marigayi Farfesa Charles Wambebe a kan wannan sikeli.

Daga hannun mai magani zuwa ɗakin gwaji

Amosanin jini, wanda a tsallaken iyaka aka fi sani da sikila, ciwo ne na gado. Jajayen ƙwayoyin jinin mai shi sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan sai azabar ciwon ƙashi da ƙarancin jini su biyo baya. Idan miji da mata duka suna ɗauke da irin ciwon a jininsu, wato abin da likitoci ke kira AS, to kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar ɗa mai ciwon. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haifar yara kusan 150,000 da shi kowace shekara a Najeriya. A Nijar ma har cibiya ta musamman aka kafa dominsa a Yamai. Babu unguwar da ba ta san gidan da ake kwana zaune saboda kukan irin waɗannan yara ba, kuma babu ɗan kasuwar da bai san wanda jarinsa ya ƙare a hanyar asibiti ba.

Farfesa Wambebe masanin haɗa magunguna ne da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin ya shugabanci cibiyar binciken magunguna ta Najeriya, NIPRD, a Abuja cikin shekarun 1990. A lokacin ne cibiyar ta samu labarin wani malamin coci daga ƙasar Yarabawa mai suna Paul Ogunyale, wanda ke ba masu amosanin jini wani haɗi na gargajiya. Haɗin ya ƙunshi abubuwa huɗu: ƴaƴan masoro, kanumfari, jan ganyen dawa, da itacen da Yarabawa ke kira osun, ɗan'uwan madobiya.

Wambebe da abokan aikinsa ba su kori mutumin a matsayin ɗan tsibbu ba, kuma ba su ɗauki maganarsa yadda ya faɗa suka fara sayarwa ba. Sun tatso sinadaran, suka gwada a kan jini a ɗakin bincike, suka gwada a kan dabbobi domin a ga ko akwai guba, suka tsayar da awo guda wanda za a riƙa bayarwa daidai da nauyin mutum. Daga nan aka yi gwaji a kan marasa lafiya 82. Aka raba su gida biyu, wasu na shan maganin, wasu na shan ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta, kuma daga marar lafiyar har likitan da ke duba shi babu wanda ya san wace yake sha. Bayan wata shida sai aka musanya. Hikimar wannan ita ce a hana fata da son rai su shiga cikin sakamako. An buga sakamakon a 2001, ya nuna cewa maganin, wanda aka sa wa suna Niprisan, ya rage yawan tashin ciwo mai tsanani.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta duka. Niprisan ba ya raba mutum da amosanin jini, sauƙi yake kawowa. Masanan da suka sake duba gwajin daga baya sun ce akwai alamar nasara, amma mutum 82 sun yi kaɗan, ana bukatar gwaji mai faɗi. Duk da haka, a tambayarmu ta farko Wambebe ya ci jarrabawa. Ya nuna cewa ana iya ɗaukar haɗin gargajiya na Afirka a bi da shi ta hanyar da ake bi da kowane magani na duniya.

A tambaya ta biyu ma ya yi abin da ba a saba gani ba a zamaninsa. Tun farkon aikin cibiyar ta rubuta yarjejeniya da Ogunyale, wadda ta amince cewa ilimin nasa ne kuma yana da rabo a abin da za a samu. Da aka karɓi takardar mallakar fasaha a Amurka a 1998, sunansa na ciki tare da na malaman. Wannan ya faru shekaru da dama kafin ƙasashen duniya su ƙulla yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta tanadi raba amfani da masu ilimin gargajiya. Duk wanda ya san yadda baƙi suka daɗe suna zuwa ƙauyukanmu suna tambayar tsofaffi sunan saiwa da sassaƙe, su rubuta su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu, zai san darajar wannan mataki.

Inda gizo ya yi saƙa

Matsalar ta ɓullo ne a tambaya ta uku. Cibiyar bincike ba masana'anta ba ce, dole ta nemi wanda zai sarrafa maganin da yawa ya sayar. A 2002 gwamnatin Najeriya ta ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem izinin yin haka shi kaɗai. Al'amari ya fara da kyau. Hukumar magunguna ta Amurka a 2003, da ta Turai a 2005, sun sa maganin cikin jerin waɗanda ake ƙarfafa gwiwar a ci gaba da bincikensu saboda cututtukan da ba su da yawa a can, kodayake wannan ba izinin sayarwa ba ne. A 2006 shugaba Obasanjo da kansa ya ƙaddamar da shi kusa da Abuja da sunan Nicosan.

Ba a yi nisa ba kamfanin ya faɗa cikin bashi. A 2008 uwar kamfanin da ke Amurka ta shigar da takardar karayar arziki, a 2009 gwamnati ta janye izinin. Da yake hannu ɗaya aka damƙa wa komai, da hannun ya karye sai kaya suka zube. Marasa lafiyar da suka saba da maganin suka koma gidan jiya. Sai a 2018 cibiyar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Najeriya domin a sake yin sa da sunan Niclovix. Farfesa Wambebe ya rasu a 2022.

Mu duba da idon ɗan kasuwa. Maganin bai lalace ba, binciken bai ƙaryata ba, masu saye kuma suna nan birjik. Abin da ya karye shi ne ciniki: jari, zaɓen abokin hulɗa, da tsarin da zai sa kaya su riƙa fita ba yankewa. Wannan kuwa ilimi ne da duk wani alhajin da ya shekara talatin yana loda mota tsakanin Maraɗi da Kano ya fi farfesa saninsa. Babu ɗan kasuwar da zai ba mutum ɗaya dukkan kayansa bashi ba tare da ya binciki wa ya taɓa ba shi, kuma ya biya ko bai biya ba. Kusan shekara goma da aka yi ana jira, yara ne suka biya kuɗinta da jikinsu.

Kwatanta wannan da labarin Tu Yuyu ta ƙasar Sin. A 1969 aka ɗora mata aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro daga tsoffin littattafan maganin ƙasarsu. Ta lura cewa tafasa wani ganye, ɗan dangin tazargade, yana kashe ƙarfinsa, sai ta koma tatsar sa ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 ta dace. Ba ta da digirin dakta, kuma rahoton farko da aka buga a 1977 da sunan ƙungiya ya fito. Da lissafin ambato kaɗai ake bi, da ta daɗe ba a san da ita ba, sai a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Amma yau duk farmasi a wannan gefe, da duk kemis a wancan gefe, akwai maganin zazzaɓi da aka yi daga abin da ta gano. Dalili shi ne an samu sarƙa cikakkiya: manoma masu shuka ganyen a Sin da Biyetnam da gabashin Afirka, masana'antu fiye da ɗaya, manyan masu saye, da ƴan kasuwa masu kai shi lungu. A 2001 kamfanin Novartis ya yarda ya riƙa ba Hukumar Lafiya ta Duniya maganin Coartem ba tare da ɗora riba ba. Niprisan irin wannan sarƙa ya rasa.

Buhun wake ya nuna hanya

Ba sai mun je Sin ba kafin mu ga binciken da ya iso rumfa. Nijar na cikin manyan masu noman wake a duniya, kuma kaso mai yawa na wakenta Najeriya yake tsallakawa. Babban abokin gabar mai ajiyar wake shi ne ƙwaron da ke huda shi, wanda cikin ƴan watanni yake mayar da buhu gari. Tsoron wannan ƙwaro shi ke tilasta wa manomi sayarwa da kaka lokacin da farashi ya faɗi, shi kuma ke sa wasu masu ajiya zuba fiya-fiya a cikin abincin da mutane za su ci. Sakamakon ya bayyana a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar wannan guba ta wuce iyakar da dokarsu ta yarda da ita, a 2016 kuma ta ƙara wa'adin haramcin da shekara uku.

Tun ƙarshen shekarun 1980 masana daga jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, tare da takwarorinsu na Kamaru a Marwa, suka gano cewa idan aka ɗaure wake cikin leda ruɓi-ruɓi yadda iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu za su shanye iskar da ke ciki, su daina ci, su daina haihuwa, a ƙarshe su bushe su mutu. Babu magani ko ɗigo. Daga nan aka samo buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masanin ƙwari Ibrahim Baoua, lokacin da yake cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi, yana cikin waɗanda suka gwada buhun a ƙasarmu da wakenmu, suka kwatanta shi da sauran hanyoyin ajiya, suka buga sakamakon.

Abin lura shi ne dabarar ta kusan shekara ashirin ba ta bazu sosai ba. Sai a 2007, da aka kafa shiri na musamman a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, aka shigo da masana'antun buhu, ciki har da na Kano, da manyan diloli da ƙananan masu sayarwa a kasuwannin ƙauye. Aka bi dubban ƙauyuka ana ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance a gaban jama'a. Gani ya kori ji. Masu wannan shiri sun gane cewa buhun da ake rabawa kyauta yana ƙarewa ranar da kuɗin shiri suka ƙare, amma buhun da ɗan kasuwa ke samun riba a kansa zai riƙa zuwa kowace kaka. Wannan shi ne bambancinsa da Niprisan: an sa ɗan kasuwa cikin lissafi tun da wuri.

Masu lasifika da haƙƙin mai saye

Akwai wata hanyar da kasuwa ke iya cin amanar bincike. Ranar kasuwa ba a rasa mota ko baro mai lasifika, ana shelar gari ɗaya da ke warkar da hawan jini da ciwon suga da basir da amosanin jini a lokaci guda. Wasu ma sukan ce masana sun tabbatar. Mu ga yadda tabbatarwar masana take. A 2010 masu bincike a jami'ar Tufts ta Amurka sun buga gwajin da suka yi da soɓo, wanda muke lodawa daga Maigatari da kasuwannin jihar Damagaram. Mutum 65 masu ɗan hawan jini, wasu suka sha kofi uku na soɓo kullum har mako shida, wasu suka sha abin da ya yi kama da shi. Lambar sama ta awon jinin masu shan soɓo ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran kuma da maki 1 da ɗoriya. Wannan labari ne mai daɗi ga mai noman soɓo da mai sayar da shi. To amma maki 7 ne, a jikin masu ƙaramin ciwo. Wanda ya ce wa mai tsananin hawan jini ya jefar da ƙwayar likita ya koma soɓo, kabari yake haƙa masa.

Haka nan ga tazargade. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin zazzaɓi da jiƙon ganyen ba, saboda ƙarfinsa yana bambanta daga dami zuwa dami, kuma shan awo marar ƙarfi yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. Haka kuma kada wani ya karanta wannan shafi ya je ya daka masoro da kanumfari da karan dafi ya ce ya haɗa Niprisan. Shekarun da malamai suka kwashe a kai, wajen gano awo da tsafta suka tafi. Yaro mai amosanin jini wurinsa asibiti, kuma gwajin jini kafin aure ya fi kowane magani araha.

Masu sarin magungunan gargajiya na kwalba daga Najeriya su kuma lura da lambar NAFDAC. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin hukumar ta duba cewa abin ba ya cutarwa, amma ba ta shaida cewa yana warkar da cututtukan da aka jera a jikin kwalbar ba. Wanda ya san wannan ya gaya wa mai saye gaskiya, ya tsare amanarsa.

Kiranmu

Ga gwamnatocinmu, muna cewa kuɗin bincike kada su tsaya a bakin mujalla. Idan cibiyar gwamnati ta gano magani ko dabarar sarrafa abinci, a binciki kamfanin da za a ba izini yadda ɗan kasuwa ke binciken mai neman bashi, kuma kada a ɗaure komai a wuyan kamfani ɗaya. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun nuna mana halin da ake shiga idan magani da abinci sun dogara da hanya ɗaya. Bugu da ƙari, ɗakin gwaji irin LANSPEX da ke Yamai ya yi wa mai wake a Ƙonni ko mai soɓo a Magarya nisa. Muna bukatar ƙananan wuraren gwaji kusa da manyan kasuwannin iyaka, inda ɗan kasuwa zai biya ƴan jakunkuna a auna masa danshi da ragowar maganin ƙwari, ya karɓi takarda kafin ya loda. Gara a gaya maka aibin kayanka a gida da a gaya maka a bakin teku.

Ga jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da na Sakkwato da Kano da Zariya, da hukumar CAMES mai duba ƙarin girman malamai a ƙasashe masu amfani da Faransanci, muna cewa a ci gaba da ƙirga takardu, amma a buɗe wani shafi na abin da ya isa hannun jama'a. Malamin da ya koya wa mata dubu yadda za su shanya zogale a inuwa ba tare da ya rasa amfaninsa ba, ya cancanci maki. Kuma duk binciken da aka yi a kan kayanmu, a dawo a faɗa mana sakamakonsa da Hausa a rediyo da ranar kasuwa. Bai dace a ɗauki samfur a rumfar mutum, a rubuta shi da Faransanci ko Ingilishi, shi kuma ya mutu bai san abin da aka gani ba.

Ga masu maganin gargajiya, labarin Ogunyale ya isa misali. Wanda ya ɓoye iliminsa har ya mutu, ilimin ya bi shi. Wanda ya bayar da baki kawai, ya yi kyauta. Hanyar tsakiya ita ce yarjejeniya a rubuce, da shaidu, da bayanin rabo da lokacin biya.

Mu kuma ƴan kasuwa, namu aikin ya fi kusa. Masana'antar magani ko ta abinci ba ta sayen kayan da yau suka zo da ƙarfi gobe suka zo lami. Tana son ta san daga wane gari kaya suka fito, wace kaka aka girbe su, yadda aka shanya su da inda aka ajiye su. Mai sarin da ke shanya soɓo da barkono da kanumfari a kan tamfol maimakon ƙasa, wanda ba ya gauraya sabo da tsoho, ba ya jiƙa kaya domin nauyi, ba ya kusantar da fiya-fiya ga abinci, kuma yana rubuta asalin kowane buhu, shi ne zai samu kwangila mai ɗorewa ranar da masana'anta ta zo nema. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa suna da ikon da za su sa wannan ya zama doka a rumfunansu, kuma suna da ikon hana mai lasifikar ƙarya wurin tsayawa. Manyan alhazai masu jari kuma su riƙa leƙa jami'o'in da ke garuruwansu, su tambayi malamai abin da ke kwance a kabad yana jiran mai kuɗi. Ribar sarrafa kaya ta fi ta dakon su ɗanye zuwa wata ƙasa.

Farfesa Wambebe ya sauke nauyin da ke kansa: ya saurari mai ilimin gargajiya, ya gwada, ya rubuta, ya sa sunan mai shi. Ibrahim Baoua da abokan aikinsa sun sauke nasu a kan wake. Akwai matasa da yawa yanzu haka a ɗakunan binciken ƙasashenmu suna aiki a kan zogale da kuka da aduwa da sabara da bagaruwa. Ko aikinsu zai tsaya a lissafin ambato, ko zai zama abinci mai tsafta da magani mai araha a rumfunanmu, wannan ya rataya a kan irin abokan cinikin da za su samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwanninmu.